Masu A-kori-kura Mai Turbo, Ku Kiyayi Lodi a Zafin Bazara

Daga watan Maris zuwa Mayu abubuwa biyu ke haɗuwa a ƙasar Jega, Aliero da Maiyama: aikin mota ya yi yawa, rana kuma ta buɗe. Lokacin ne ake kwaso albasa daga fadamu zuwa kasuwar Aliero, shinkafar rani ta biyo baya, ga zafi yana haura digiri 40 da tsakar rana. Duk mai bin hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Jega ta miƙa Maiyama, Koko da Yawuri ya saba ganin a-kori-kura a gefen titi, bonet a ɗage, yaron mota ya ruga neman ruwa da jarka. Sai a ce tsautsayi ne. Galibi ba tsautsayi ba ne, ɓarna ce da aka daɗe ana tarawa, ranar ce kawai ta fito fili.

Dattawan direbobi sun san Fijo 504 mai buɗaɗɗen baya, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna. Idan ka yi mata lodin da ya fi ƙarfinta, nan take za ta gaya maka: ta yi nishi, ta ƙi gudu, dole ka rage kaya. Motocin dizal masu turbo na yanzu, su Hilux, L200, Ranger, D-Max da Navara, ba sa haka. Ka danƙara musu kaya, ka ɗaura musu tirela a baya, za su ja kamar ba komai. Direba ya ji daɗi, mai mota ya ce ya dace. Wahalar tana nan, ba a jin ta a ƙafa ne kawai, domin ta koma zafi a cikin injin.

Kafin a je ko'ina, kowa ya san injin da ke motarsa. Yawancin Hilux ɗin da ke yawo a Nijeriya na fetur ne mai lita 2.7, kuma ba shi da turbo. Akwai kuma tsohon injin dizal 5L, shi ma babu. Masu turbo su ne irin su 2KD da 1KD, da kuma 1GD da 2GD da suka fito daga 2015. Maganar ruwa da lodi ta shafi kowa, amma mai turbo ya fi kowa kusa da asara.

Turbo ba sabon abu ba ne, tun 1905 wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistar dabarar. Fanka biyu ne a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga injin yana juya ta farko, ta biyu kuma tana cusa iska da ƙarfi cikin injin don ya ƙona mai da yawa ya ba da ƙarfi. Sandar nan kan juya fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, hayaƙin da ke juya ta kuma yakan haura digiri 600 idan mota tana jan kaya. Abin da ke raba wannan sanda da ƙarfen da take kwance a kai shi ne ɗan siririn baƙin mai da injin ke turo mata. Shi ke sa ta santsi, shi ke ɗauke mata zafi.

A nan ne wata ɗabi'a mai kashe turbo take. Direba ya fito daga Maiyama da kaya, ya taka wuta har Jega, yana isa tasha ya murɗe makulli ya fita shan ruwa. Injin na tsayawa mai ya daina zuwa, amma turbo yana nan da zafinsa. Man da ya rage a ciki sai ya soye ya zama gawayi, ya fara toshe ɗan bututun da ke kawo mai. Yau kaɗan, gobe kaɗan. Wata rana a ji mota tana wani irin fito, salansa na fidda shuɗin hayaƙi, mai yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba. Maganin bai kai kuɗin goro ba: bayan doguwar tafiya ko jan kaya, a bar mota a silo minti 1 zuwa 2 kafin a kashe. Da safe ma haka, a ba mai 'yan daƙiƙu ya zagaya kafin a taka totur.

Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ba mu da hawan duwatsu irin na Filato, shi ya sa wasu ke ganin injin ba ya wahala a nan. Namu hawan shi ne yashi. Mota ta shiga fadama ɗauke da buhuna, tana tafiyar hawainiya a giya ta ɗaya ko ta biyu, injin na aiki iya ƙarfinsa, amma babu iskar gudu da za ta bugi lagireto. Fanka kaɗai ke aikin. A yawancin motocin nan fankar tana da wani kulocin mai a tsakiyarta da ke kama ta sosai idan zafi ya tashi. In ya mutu, fanka za ta ci gaba da juyawa a ido amma ba ta jan iska. Alamarsa ita ce mota ta yi lafiya lau a kan kwalta, da ta shiga yashi ko cunkoson kasuwa sai allurar zafin injin ta fara hawa.

Ga wani gwaji da ba ya buƙatar bakanike. Da dare, mota a kashe kuma ta huce, ka sa tocila ta bayan lagireto ka leƙo ta gaba. Inda haske bai ratso ba, iska ma ba ta ratsawa. Wanda ya yi mako yana ɗaukar shinkafa daga wurin casa zai sha mamaki: ƙaiƙayi, ɓawon albasa, ƙura, fari da guntayen leda duk sun liƙe a tsakanin siraran ganyayyakin. Kuma ba lagireto kaɗai ne a wurin ba. A gabansa akwai na iyakwandishan, a motoci da yawa har da intakula mai sanyaya iskar da turbo ya matsa (a wasu tana saman injin, ƙarƙashin ƙofar iskar da ke kan bonet). Dattin ya fi taruwa a ratar da ke tsakaninsu, inda ido ba ya kaiwa. A wanke daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi. Injin wankin mota mai feshi da ƙarfi yana lanƙwasa ganyayyakin, ya toshe abin da aka zo buɗewa.

Sai maganar da na san za ta ɓata wa wasu makanikai rai. Ka kai mota tana ɗaukar zafi, bakanike ya kwance tamostat ya ɗaga maka ya ce, "Alhaji, hidda wanga abu, don ƙasar sanyi anka yi shi." Magana ce mai daɗin ji, amma ba haka take ba. Tamostat ƙofa ce da ke rufe hanyar lagireto har sai ruwa ya kai wajen digiri 80 da 'yan kai, sannan ta buɗe. A injuna da yawa, ciki har da na Toyota, tana buɗe hanyar lagireto ne tana kuma rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma injin kai tsaye. Ka cire ta, gajeriyar hanyar nan ta zauna a buɗe, wani kaso na ruwan zafi ya riƙa komawa injin ba tare da ya bi ta lagireto ba. Da safe mota ta daɗe ba ta ɗumama ba, tana shan mai tana cin ƙarfe. Da rana a ƙarƙashin kaya kuma ta tafasa. Idan tamostat ta lalace, a sayi sabuwa a sa. Cire ta ɓoye cuta ne, kuma sau da yawa ainihin cutar tana lagireton da ya toshe ko famfon ruwan da ya gaji.

Abin da ke toshe lagireto ta ciki kuwa shi ne ruwan da muke ɗura masa. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da gishirin ƙasa. Matan gida sun san farin abin da ke kama gindin butar da ake yawan dafa ruwa a ciki. Irinsa ne ke taruwa a siraran bututun lagireto, ga kuma tsatsa. Ruwan leda ma bai tsira ba. Ruwan sanyaya inji mai launi da ake sayarwa a galan ba don ƙanƙarar Turai kaɗai aka yi shi ba, yana hana tsatsa kuma yana ɗaga matakin da ruwa ke tafasa. Murfin lagireto shi ma ba murfi ne kawai ba. Ruwa a fili yana tafasa a digiri 100, amma matsin da murfi mai lafiya ke riƙewa yana kai shi wajen 120 kafin ya tafasa. Murfin da robarsa ta tsage, ko wanda aka cusa wa leda, ya zubar da wannan rata gaba ɗaya. Abu ne mai araha da kan jawo ƙonewar gasket.

Lodi kuwa lissafi ne. A-kori-kura irin waɗannan an yi su ne su ɗauki abin da bai wuce tan ɗaya ba ko kusa da haka, kuma a cikin tan ɗin har da direba, yaron mota da duk wanda ya ɗare saman kaya. Babban buhun albasa kan kai kilo 100, wani ya zarce. Kowa ya ƙirga abin da yake gani ana lodawa a kasuwa. Ƙara sifirin a baya yana hana mota durƙushewa ne kawai, bai ƙara wa birki, giya ko lagireto komai ba. Haka nan tallan da ake yi cewa sabuwar mota tana jan kilo 3,500, wannan ga tirela ce mai nata birkin, kuma ba kowane samfuri ba. Tirelar da aka ƙera a wajen mai walda, marar birki, iyakarta kilo 750 har da nauyinta. Tankin ruwa mai lita 1,000 kilo 1,000 ne cif, ban da ƙarfen da ke ɗauke da shi, kuma idan rabi ne ruwan yakan yi tambal-tambal ya turo mota a lokacin taka birki. A ɗora nauyi ya ɗan rinjaya gaba, kamar kashi 10 cikin 100 a kan ƙugiya. Tirelar da nauyinta ya koma baya ita ce ke kaɗa wutsiya ta jefa mota daji.

Tsadar mai ta koya wa direbobi saurin shiga babbar giya. Da kaya a baya, wannan asara ce. Injin na juyi a hankali, ƙafa a ƙasa, baƙin hayaƙi na fita: lokacin ne hayaƙi ya fi zafi, fanka da famfon ruwa kuma suka fi sanyin jiki. Ka sauko giya ɗaya ka bar injin ya sake. Mai otomatik ya hana ta shiga giyar ƙarshe yayin jan kaya, domin yawan sauya giya yana dafa man giya, wanda a motoci da yawa ta cikin lagireto ɗaya ake sanyaya shi. Wanda zai ja matacciyar mota ya nemi sandar ƙarfe maimakon igiya, ya tuna cewa motar da injinta ba ya aiki birkinta da sitiyarinta sun yi tauri. Otomatik kuma ba a jan ta nesa tayoyinta na ja suna ƙasa, wannan aikin janwe ne.

Baƙin mai da filta ba wurin neman araha ba ne. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi ba ka san asalinsa ba. A sayi na dizal a rufaffen galan, mai lambar da littafin mota ya faɗa, a yi juye duk kilomita 5,000 ga motar da ke aikin ƙura da kaya. Filtar iska da ta huje, ko aka buga ta da dutse har ta yage, tana tura yashi kai tsaye kan fankar turbo. Dizal ɗin da aka gauraya da kananzir ko ruwa kuwa nozul yake ci, nozul mai ɗiga kuma yana iya huda fistin.

Idan allura ta wuce inda ta saba tsayawa, kada a ce bari a ƙarasa Jega. Allurar motocin zamani takan zauna a tsakiya ko da zafi na ƙaruwa, in ta motsa to abin ya riga ya yi nisa. A kashe iyakwandishan, a sauka gefen titi. In ba a ga ruwa na zuba ba kuma fambel na nan, a bar injin a silo allura ta sauko. In tururi na tashi ko ruwa na tsiyaya, a kashe nan take. Kada kowa ya taɓa murfin lagireto sai tiyon sama ya huce har hannu na iya matsa shi, kuma ko rabin awa aka jira ba a yi asara ba. Yaran mota da yawa sun ƙone a fuska da ƙirji saboda an ce su sa tsumma su buɗe. Kwara ruwan sanyi a kan injin mai zafi kuma yana iya tsaga kansa. Wani abu da ba kasafai yake faruwa ba amma ya kamata a sani: turbo da ya lalace yakan zuba baƙin mai cikin injin, injin ya riƙa ƙugi shi kaɗai ko an zare makulli. Mai giyar hannu ya taka birki sosai, ya sa babbar giya ya saki kuloci don injin ya mutu. In abin ya gagara, kowa ya ja da baya.

Magana ta ƙarshe ga masu motoci ce, domin sau da yawa direba ya san duk wannan, balas ɗin da aka yanka masa ne ke tilasta shi. Alhaji, idan direbanka ya ce kayan nan sawu biyu ne, ka bar shi ya yi sawu biyu. Idan ya ce zai yi lodi da asuba ko bayan la'asar don ya kauce wa ranar azahar, ka yarda. Ka ware kuɗin ruwan lagireto, tamostat da murfi tun kafin a fara cirar albasa, ka kuma tsaya da kanka a gareji ranar juye ka ga galan ɗin da aka buɗe.