YADDA ƘASHIN CINYAR YARO KE GIRMA BAYAN TIYATA

Ƙashin cinya shi ne mafi tsawo kuma mafi ƙarfi a cikin ƙasusuwa 206 da ke jikin babban mutum. Duk da haka yana karyewa, musamman idan yaro ya faɗo daga kan mangwaro, ko babur ya buge shi, ko aka yi karo mai tsanani a filin ƙwallo. Tambayar da iyaye sukan yi a asibiti ita ce: "Likita, ƙafar nan za ta ci gaba da girma kuwa?" Amsar ita ce e. Wani lokaci ma ƙafar da ta karye takan fi lafiyayyar tsawo.

INDA TSAWO KE FITOWA

Ƙashin yaro ba ta tsakiya yake ƙara tsawo ba. A kusa da kowane bakinsa akwai wani siririn faifai na guringuntsi, wanda kullum yake toho, tohon kuma yana taurara ya zama ƙashi. Faifan da ke dab da gwiwa shi ke ba da kusan kashi 70 cikin 100 na tsawon ƙashin cinya, wato wajen santimita 1 a shekara. Faifan yakan rufe a wajen shekara 14 ga 'yan mata, 16 ga samari, daga nan tsawo ya tsaya.

Idan ƙashi ya karye, jini yakan taru a wurin, sannan ɗanyen ƙashi ya tsiro ya ɗaure bakunan biyu, ya yi ta ƙarfi sannu a hankali. Domin wannan aiki, jini mai yawa yakan riƙa kwarara zuwa cinyar. Likitoci na ganin wannan ƙarin jini ne ke zaburar da faifan toho, ya yi aiki fiye da na ɗayar ƙafar. A yara 'yan shekara 2 zuwa 10, ƙarin tsawon yakan kai wajen santimita 1, yawancinsa kuma a cikin shekara biyu na farko. Shi ya sa idan za a sa wa ƙaramin yaro filasta, likita ba ya damuwa don bakunan ƙashin sun ɗan hau juna da santimita 1 ko 2. Ya san girma zai cike giɓin.

IRIN AIKIN DA AKE YI

Shekarun yaro su ke nuna hanyar da za a bi. 'Yan ƙasa da shekara 5 akan sa musu filasta tun daga kugu har ƙafa, yawanci ba sai an yi yanka ba. Daga shekara 5 zuwa 11 akan zura siraran ƙarafa guda biyu masu lanƙwasuwa a cikin ɓargo. Likitocin birnin Nansi na ƙasar Faransa ne suka yaɗa wannan dabara a shekarun 1980. Akan shigar da ƙarafan ta ɗan sama da gwiwa don kada a taɓa faifan toho, a cire su bayan ƙashi ya haɗe sosai. Manyan yara kuwa akan sa musu ƙarfe guda mai kauri, ko falle na ƙarfe da ƙusoshi.

Tiyata takan mayar da ƙashi daidai tsawonsa tun ranar aiki, saboda haka ƙarin tsawon da zai biyo baya yana iya sa ƙafar ta ɗan zarce 'yar'uwarta. Bambancin da bai kai santimita 2 ba bai cika kawo ɗingishi ba. Idan ya fi haka, akan ƙara wa takalmin gajeriyar ƙafar tudu, ko a yi ƙaramin aiki a dakatar da tohon doguwar har ɗayar ta cim mata.

Ƙashin yaro yana iya miƙe ɗan karkacewa da kansa yayin da yake girma, amma idan ya haɗe a murɗe, ba ya warwarewa sosai. Haka nan karayar da ta ratsa faifan toho tana iya tsayar da girman ƙafar, ko ta sa ta baudewa.

ABIN DA YA KAMATA MU YI

Idan ɗalibi ya karye, kada a ja ƙafar, kada a tilasta masa tsayuwa. A tallafe ta da katako, a kai shi asibiti a ɗauki hoton ƙashin. Mun san maɗora suna da daraja a garuruwanmu, amma ɗori mai tsauri yana iya toshe jini har ƙafa ta ruɓe a yanke ta. Akwai asibitocin ƙashi na ƙasa a Dala ta Kano, da Igbobi ta Legas, da Inugu.

Bayan sallama, iyaye su ci gaba da kai yaro awo kamar yadda likita ya ce, ko da ya fara gudu, domin sai bayan watanni bambancin tsawo ke bayyana. A ba shi nono, ƙwai, wake, ƙananan kifi da ganyen zogale, ya kuma sha hantsi. Mu 'yan'uwansa a makaranta da ikilisiya, mu ziyarce shi, mu kwafe masa darussan da suka wuce shi, mu yi addu'a tare da shi, muna gode wa Allah da ya halicci ƙashi mai iya gyara kansa.