Jarin Waje A Nijeriya: Inda Ƙofa Take, Da Sharuɗɗan Shiga

Tun daga samun mulkin kai a 1960, babu gwamnatin da ta hau mulki a Nijeriya ba ta yi maganar jawo jarin waje ba, amma kowane zamani da irin tarbar da ya yi wa baƙon. Akwai lokacin da aka buɗe masa ƙofa, akwai lokacin da aka rage masa rabo, sannan aka sake kiransa. Ɗan kasuwar da ke neman abokin hulɗa daga ƙetare, ko wanda yake fargabar baƙo zai ƙwace masa kasuwa, ya kamata ya san wannan tarihi da dokokin da suke aiki a yau, domin da su ne za a yi masa hukunci ranar da gardama ta taso.

Masana'antun farko na Arewa da haɗin gwiwa aka kafa su. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957 da hannun wani kamfanin Ingila, masaƙar UNTL ta biyo baya da jarin 'yan kasuwar Honkon, sai kuma kamfanin haɗa motocin Peugeot da ya soma aiki a Kaduna a 1975. A 1972 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa, wadda ta keɓe wasu sana'o'i ga 'yan Nijeriya zalla, ta kuma wajabta a sayar musu da kashi 40 cikin ɗari na hannun jarin wasu. A 1977 aka ƙara tsaurara dokar, aka kasa kamfanoni gida uku: na 'yan ƙasa kaɗai, na kashi 60, da na kashi 40. 'Yan Nijeriya da dama sun mallaki hannun jari ta wannan hanya, sai dai kuma an sami waɗanda suka ba da aron sunansu kawai, baƙo yana juya kamfani daga bayan fage, yayin da sabon jari ya ja baya.

Faɗuwar farashin mai a farkon shekarun 1980 da nauyin bashi su suka sauya akalar. Bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, an sassauta dokar a 1989, sannan a 1995 aka soke ta ɗungurungum tare da dokar taƙaita musayar kuɗi ta 1962. A madadinsu aka kafa dokoki biyu waɗanda har yau su ne ginshiƙin lamarin: doka mai lamba 16 da ta kafa Hukumar Bunƙasa Zuba Jari ta Nijeriya, wato NIPC, da doka mai lamba 17 kan musayar kuɗin ƙasashen waje.

A ƙarƙashin dokar NIPC, baƙo yana iya mallakar kamfani ɗari bisa ɗari, in ban da 'yan sana'o'in da aka haramta wa kowa, baƙo da ɗan gida, kamar ƙera makamai, miyagun ƙwayoyi da ɗinka kayan sarki na soja da 'yan sanda. Dokar ta yi alkawarin cewa gwamnati ba za ta ƙwace kamfani ba sai don maslahar ƙasa, tare da biyan diyya da damar zuwa kotu, ta kuma ba mai jari izinin fitar da ribarsa da uwar kuɗinsa bayan biyan haraji. Sai dai wasu ɓangarori suna da nasu ƙa'idojin. Dokar 2010 ta ba kamfanonin gida fifiko a ayyukan man fetur da iskar gas, haka nan haƙar ma'adinai sai da lasisin gwamnatin tarayya bisa dokar 2007.

Matakan shiga sanannu ne. Da farko sai a yi wa kamfani rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni bisa dokar kamfanoni ta 2020, sannan a yi rajista da NIPC, a nemi izinin kasuwanci da na adadin ma'aikata baƙi daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida. Yarjejeniyar amfani da fasaha ko tambarin wani kamfanin waje kuwa sai an kai ta hukumar NOTAP. Mafi muhimmanci ita ce takardar shaidar shigo da jari, wadda bankin da kuɗin suka biyo ta cikinsa yake bayarwa. Wanda ya shigo da kuɗi ko injina ba tare da ita ba, ba shi da hujjar neman canji ta hanyar hukuma ranar da zai fitar da riba. Batun fili kuma yana hannun jiha, domin dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa ga gwamna, kuma sayarwa ko jinginar da fili mai takarda sai da amincewarsa.

Rangwamen haraji ma ya sauya fuska. Shekara da shekaru sababbin masana'antu suna cin moriyar hutun haraji na shekara uku, wanda akan iya ƙara shi zuwa biyar. Dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025, ta fara aiki a Janairun 2026, ta maye gurbinsa da rangwamen da ake aunawa da yawan kuɗin da kamfani ya kashe wajen gini da sayen injina. Ma'ana, sai an ga jari a ƙasa kafin a ga sauƙi.

Abin da ya fi ɗaga wa mai jarin waje hankali shi ne darajar Naira. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Nijeriya ya haɗe kasuwannin canji, Dala ta tashi daga kimanin Naira 460, ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. Lissafin a bayyane yake: wanda ya canza Dala miliyan ɗaya a tsohon farashi ya sami Naira miliyan 460, amma in zai mayar da su a sabon farashi, abin da zai samu bai kai sulusin abin da ya kawo ba. Kafin wannan ma, ƙarancin Dala ya sa kuɗin kamfanonin jiragen sama sun maƙale, har Emirates ya dakatar da zuwa Nijeriya a 2022, bai dawo ba sai a Oktoban 2024. A 2023 kamfanonin GlaxoSmithKline da Procter & Gamble suka ba da sanarwar sauya tsarin harkarsu a ƙasar, su koma dogaro da shigo da kaya ta hannun dillalai. Wannan ya nuna alkawarin doka ba ya wadatarwa idan babu Dala a banki, babu wutar lantarki a masana'anta.

Duk da haka, kasuwa mai mutane sama da miliyan 200 ba abar rainawa ba ce. Gwanjon lasisin wayar salula na 2001, inda aka sayar da kowane lasisi kan Dala miliyan 285, ya nuna abin da kan faru idan an fito da ƙa'ida a fili aka kuma tsaya a kanta: kamfanin MTN na Afirka ta Kudu ya shigo, Nijeriya ta zama babbar kasuwarsa. A Arewa damar tana wajen sarrafa abin da ake fitarwa ɗanye, kamar riɗi, zoɓo, citta, ƙaro da fatu, da kuma ma'adinai irin su litiyom, wanda aka buɗe masana'antar sarrafa shi da jarin 'yan Sin a Jihar Nasarawa a 2024. Tashar tsandauri ta Dala da aka ƙaddamar a Kano a 2023, bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano da aka aza harsashinsa a 2020, da layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, duk an tsara su ne don rage tsadar sufuri da makamashi, abubuwa biyu da suka durƙusar da masana'antun Sharaɗa, Bompai da Kakuri.

Ga ɗan kasuwar gida, baƙo ba ya neman wanda zai raka shi ofis kawai. Yana neman mai fili da takarda, mai littafin ajiyar lissafi da akawu ya tantance, wanda ya san manoma da dillalai. Wanda yake da waɗannan yana da abin da zai ɗora a kan tebur a matsayin hannun jari. Ya kamata a rubuta yarjejeniya a gaban lauya, a fayyace rabon riba, kujerun hukumar gudanarwa, horar da ma'aikata 'yan ƙasa, da inda za a kai ƙara idan an saɓa. Ba da aron suna kuwa hatsari ne, domin ranar da haraji ko bashi ya taso, mai suna a takarda shi za a nema.

Hausawa kan ce baƙo raɓa ne. Jarin da ke zuwa sayen takardun lamuni yakan tashi da zarar rana ta yi zafi, amma wanda ya zama gini da injina ba ya tafiya cikin dare. Irin wannan na biyu shi ƙasar take bukata, kuma ba zai zauna ba sai ya ga 'yan gida sun sa nasu kuɗin, gwamnati kuma ta daina sauya doka a tsakiyar ciniki.