Lilon Murɗiya da Makamashin Sifirin: Nazarin Hanyar Warware Tambayoyin Fiziks cikin Hausa

Daga cikin tambayoyin da ɗalibin Fiziks yake fara cin karo da su a jami'a akwai iri biyu da sukan zo a babi daban-daban: na sifirin da aka danne ko aka ja, da na faifan da aka rataye da waya aka murɗa. Wannan maƙala tana nuna cewa tushensu ɗaya ne, kuma wani ɓangare na wahalar da ɗalibi mai tunani da Hausa yake sha a kansu daga kalmomi yake tasowa.

A shekarar 1678 Robert Hooke na Ingila ya wallafa dokar da take cewa ƙarfin da sifirin yake turjiya da shi yana ƙaruwa daidai gwargwadon nisan da aka gusar da shi daga mazauninsa. Ana rubuta ta F = −kx, inda k yake nufin taurin sifirin, x kuma nisan gusawa. Alamar ɗebewa tana nuna cewa ƙarfin kullum baya yake ja, zuwa mazauni. Da yake ƙarfin daga sifili yake farawa yana hauhawa, matsakaicinsa rabin na ƙarshe ne, shi ya sa abin da sifirin ya adana yake zama E = ½kx².

A nan ne matsalar harshe take fara bayyana. A maganar yau da kullum, “ƙarfi” yana ɗaukar turi da ja, yana kuma ɗaukar abin da danƙo yake riƙe da shi kafin a sake shi. Fiziks ta raba su: na farko da niyuton ake auna shi, na biyu da jul. Saboda haka an keɓe “ƙarfi” ga na farko, “makamashi” ga na biyu, duk da cewa kunnen Bahaushe ya fi sabawa da jin makamashi a zancen itace da fetur. Haka ma “nauyi” fuska biyu gare shi: yawan abin da jiki ya ƙunsa, wanda ake aunawa da kilogiram, da kuma jan da ƙasa take yi wa jikin. Harafin m na farkon yake nufi, kuma “ƙunshin jiki” za a kira shi.

A ɗauki sifirin mai taurin niyuton 200 a kowace mita, a danne shi da mita 0.1, a ɗora masa ƙwallo mai ƙunshin kilogiram 0.5 a kan shimfiɗar da ba ta da gogayya. Makamashin da aka adana shi ne ½ × 200 × 0.1², wato jul 1. Idan aka saki, dukkansa yana komawa makamashin motsi, ½mv², sai gudun ƙwallon ya zama mita 2 a sakan. Wanda ya danne sifirin da mita 0.2 jul 4 zai samu, domin nisan da kansa ake ninka shi.

Lilon murɗiya shi ne faifai ko sanda da aka rataye ta tsakiya da siririyar waya. Idan aka murɗa shi aka saki, yakan yi ta juyawa dama da hagu. Da ma'aunin da aka gina bisa murɗiyar waya Charles-Augustin de Coulomb na Faransa ya auna ƙarfin da ke tsakanin cajin lantarki a 1785, Henry Cavendish kuma ya gano a 1798 cewa duniya ta fi ruwa mai girmanta nauyi kusan sau biyar da rabi. Dokarsa ita ce ta Hooke a wata riga: τ = −κθ. Kusurwar murɗawa, θ, ta maye gurbin nisa. Taurin waya, κ, ya maye gurbin taurin sifirin. Makamashin kuwa ½κθ². Abin da yake sabo shi ne I, “nauyin juyi”, wanda ya dogara ga ƙunshin jiki da kuma nisansa daga tsakiya. Ga faifai, I = ½MR², inda M yake ƙunshinsa, R kuma rabin faɗinsa. Lokacin da lilo guda yake ɗauka, zuwa da dawowa, shi ne T = 2π√(I/κ), takwaran T = 2π√(m/k) na sifirin.

Kalmar “lilo” kanta tana iya yaudara. Lilon yara na reshen bishiya jan ƙasa ne yake dawo da shi, amma wannan taurin waya ne kaɗai yake dawo da shi, don haka ko a duniyar wata aka kai shi lokacinsa ba zai sauya ba. Ɗalibin da ya shigar da jan ƙasa cikin lissafin, kalmar ce ta ja shi. Girman murɗawa ma bai shiga ƙa'idar T ba, muddin ba a wuce iyakar jurewar wayar ba. Wannan sifa ce ta sa sifirin ɗin agogo da Christiaan Huygens ya ƙera a 1675 ya dace da ƙidayar lokaci.

A ce faifai yana da ƙunshin kilogiram 2, rabin faɗinsa mita 0.1, taurin wayarsa 0.04, aka murɗa shi digiri 30. Nauyin juyinsa ½ × 2 × 0.1² ne, wato 0.01. Daga nan T = 2π√(0.01/0.04), kimanin sakan 3.14. Wajen makamashi ne ake buƙatar hattara, domin ƙa'idar da radiyan take aiki. Digiri 180 daidai yake da radiyan π, saboda haka digiri 30 radiyan 0.524 ne, makamashin kuma kimanin jul 0.0055. Wanda ya saka 30 kai tsaye jul 18 zai samu, kuskuren da ya haura ninki 3,000. Idan aka daidaita jul 0.0055 da makamashin juyi, ½Iω², inda ω take nufin saurin juyawa, za a ga faifan yana ratsa mazauninsa da kimanin radiyan 1.05 a sakan.