Sabon Direba a Jamus, Lasinka Na Kan Gwaji

Duk wanda ya karɓi lasin tuƙi na farko a Jamus, ya sani shekara 2 ana sa masa ido. Tun 1986 dokar take haka. Ɗalibi ne kai a Berlin ko mai kai kaya a Hamburg, ta shafe ka. Kuma da yawa sai takarda ta iso suke sanin da ita.

Babban laifi ɗaya ya isa. Ka tsallake jar danja. Ka wuce ƙa'idar gudu da kilomita 21 a awa. Ka ɗauki waya kana tuƙi, ko da saƙon gida za ka leƙa. Shi ke nan, gwaji ya koma shekara 4. Za a tilasta maka shiga kwas ɗin gyaran tuƙi, zama 4 da fita titi tare da malami, kuɗin kuma daga aljihunka. Ƙananan laifuka biyu ma, irin su tuƙi da tayar da ta cinye, hukuncinsu ke nan.

Takardar hukuma tana zuwa da wa'adi. A nan mutanenmu suka fi faɗawa. Jamusanci ne, sai a ajiye ta a kan firij ana jiran mai karantawa. Wa'adi ya wuce ba ka je kwas ba, an karɓe lasi. Mai cin abinci da mota ya rasa sana'a.

Barasa kuwa, ko kurɓi ɗaya. Tun 2007 mai gwaji da wanda bai kai shekara 21 ba an hana su ɗanɗanawa su kama sitiyari. Tarar Yuro 250 ce. A 2024 aka haɗa da tabar wiwi.

In ka sake babban laifi bayan kwas, gargaɗi ne a rubuce. Na uku, lasi ya tafi, aƙalla wata 3.

Ƙarewar gwaji ma ba sakin linzami ba ne. Ana tara makin laifukan tuƙi a birnin Flensburg. Ya kai 8, lasi ya tafi.

Mai lasin Najeriya ko Nijar, wata 6 kawai yake maka aiki bayan ka tare. Tuƙi bayan nan laifi ne da zai iya kai mutum gidan yari.

Ɗan'uwa, duba ranar da aka ba ka lasi. In da takarda a ajiye, nemi mai karanta maka ita yau.