NPC Da Rigar Addini: Tarihin Da Ya Kamata Ikara, Makarfi Da Kudan Su Tuna

Duk lokacin da guguwar zaɓe ta taso, sai ka ji 'yan siyasa a kasuwannin Ikara, Makarfi da Kudan suna rantsuwa cewa su ne masu kishin Musulunci, su ne magadan Sardauna. To, mai karatu, ya dace mu waiwayi tarihin jam'iyyar da suke jingina da ita.

Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC, ta samo tushe daga tarukan 'yan boko a Zariya da Kaduna a 1948, ta kuma rikiɗe zuwa jam'iyyar siyasa a 1951. Ƙarfinta na hannun sarakuna, hakimai, dagatai da alƙalan En'e. A ƙauyukan Lardin Zazzau kuwa, manomin rake ko auduga ya san cewa shiga NEPU ta Malam Aminu Kano tamkar ja-in-ja ne da mai karɓar harajinsa da mai yi masa shari'a.

Amma duk da riƙon al'ada da kusancinta da malamai, NPC ba ta taɓa kiran kanta jam'iyyar Musulunci ba. Takenta shi ne Arewa ɗaya, al'umma ɗaya, ba tare da bambancin addini, muƙami ko ƙabila ba. Gwamnatin Sir Ahmadu Bello ce ta kawo kundin Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960, ya maye gurbin hukunce-hukuncen laifi na mazhabar Malikiyya. Aikin da'awa kuwa sai aka kafa masa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna a 1962. Sojoji suka rushe jam'iyyar a 1966.

Ko a tsibiran Maldibs, inda tsarin mulki ya ce sai Musulmi ne ɗan ƙasa, jam'iyyar malamai ta Adhaalath da aka kafa a 2005 kujera ɗaya tak ta samu a zaɓen majalisa na 2014. Ashe jama'a na girmama malami, amma ƙuri'a sai ga wanda suka ga aikinsa.

Ɗan wannan yanki, Ahmed Mohammed Makarfi, ya gamu da irin wannan jarrabawa yana gwamna. Bayan rikicin Kaduna na 2000, gwamnatinsa ta tsayar da kotunan Shari'a, na gargajiya da na majistare a 2001, kowa ya je inda ya dace da shi. Wannan bai zo da mamaki ba ga wanda ya san akwai Maguzawa da Kiristoci Hausawa a ƙasar Ikara.

Tsarin mulkin 1999 ya haramta wa jam'iyya suna ko alamar addini. Saboda haka duk wanda ya zo mana da rawani da carbi, mu tambaye shi batun taki, hanyar fitar da tumatir da adalci a kotu. Adalci shi ne ginshiƙin mulki a Musulunci. Allah Ya ba mu shugabanni nagari.