Fida da Ludayin Fura

Mai shan fura a zaune yake sha. Ya ɗebo ludayi guda ya kurɓa, ya tauna gudaji, ya numfasa, ya jefa baki cikin hira, sannan ya sake kai ludayi. In cikinsa ya ɗauka sai ya kife ludayin, ba mai ce masa sai ya shanye. To, a ce wani ya kwantar da shi rigingine, ya ɗaga ƙwaryar ya kafa masa a baki. Dole ya yi ta haɗiya ba ƙaƙƙautawa don kada ya ƙware, mai kallo kuwa ya ce yunwa ce ta kama shi.

Haka jarirai da yawa ke shan fida. An kwantar da yaro, an kifa kwalba tsaye, wani lokacin har an ƙara buɗa kan robar da allura. Madara na zuba ko bai tsotsa ba, kuma duk abin da ya taru a bakin jariri haɗiye shi zai yi. Cikin minti biyar ya shanye, a yi ta murna wai yaro na da ci. Can sai tumbuɗi da kumburin ciki da kuka. Ba mamaki, domin cikin jariri a ranar haihuwa bai fi ɗaukar mililita 5 zuwa 7 ba, kuma ƙoshi kan ɗauki lokaci kafin yaro ya ji shi.

Nonon uwa yana da nasa ludayin. Sai yaro ya tsotsa kafin ya sauko, ya zo da ƙarfi, ya lafa, ya sake zuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nono zalla har wata 6, amma uwa kan koma aiki ta bar wanda ta tatsa, akwai tagwaye, akwai maraya. Inda fida ta zama dole, sai a miƙa wa yaro ludayin a hannunsa.

A zaunar da shi a cinya, a tallafe kansa da wuyansa. A shafa kan robar a leɓensa har ya buɗe baki ya karɓa da kansa. A riƙe kwalbar a kwance, madara ta ɗan cika kan robar kawai, kuma a zaɓi mai ƙaramar huda. Bayan 'yan haɗiye sai a sunkuyar da gindin kwalbar, ya huta, in ya soma tsotsa a ɗago. A tsakiya a sa shi gyatsa, a juya shi ɗaya hannun kamar yadda ake sauya nono. Shan zai kai minti 15 zuwa 20. Wanda ya saba da haka ba ya saurin ƙin nonon uwarsa don ya ga ba ya zuba kamar kwalba.

Yaro na faɗin ƙoshinsa: ya kawar da kai, hannun da ya dunƙule ya saki, tsotsa ta yi sanyi. In ya waro ido, ya baje yatsu, madara na dalala ta gefen baki, gudun ya yi masa yawa. Kada kuma a tokare fida da matashi a tafi aiki.

Madarar gwangwani ta yi tsada, shi ya sa ake lallaɓa yaro ya ƙarasa ragowar, tunda ba a ajiye ta zuwa wani shan. Maganin asarar shi ne a riƙa dama kaɗan, in ya nemi ƙari a ƙara masa.