Kifin haɗin iri: me ya sa yake saurin girma, kuma me ya sa 'ya'yansa ba sa gado?

Duk mai shirin fara kiwon kifi ya taɓa jin mai sayar da 'ya'yan kifi yana cewa, "Wannan haibrid ne, wata huɗu ka kwashe." Kafin ka miƙa kuɗinka, bari mu ga abin da kifin kaf ya koya wa masana.

Kaf kifi ne mai ɓawo da ake kiwo sosai a Sin, Indiya da gabashin Turai. Mu ma an taɓa kawo shi gonar kifi ta Panyam a Filato tun shekarun 1950. A Sin, masana sun haɗa jan kaf na Xingguo da wani iri mai ɓawo jefi-jefi, suka samu wanda ake kira Feng, wanda ya fi iyayensa saurin girma.

To mene ne sirrin? Kowane kifi yana ɗauke da ƙwayoyin gado, rabi daga uwa, rabi daga uba. Amma ba kullum suke aiki ba, kunna su ake yi a kashe kamar fitila. Wani ɗan ƙullutu da ke ƙasan ƙwaƙwalwa, wato fituwitari ɗin nan da masu ƙyanƙyasa ke yi wa uwar kifi allura da shi, shi ke fitar da sinadarin girma. Sinadarin sai ya sa hanta ta fitar da wani mai suna IGF-1, wanda ke gina tsoka da ƙashi. Idan aka haɗa iri biyu masu nisan dangantaka, sau da yawa ƙwayar gado mai ƙarfi ta wannan tana rufe mai rauni ta wancan.

Sai dai fa akwai sharaɗi biyu.

Na farko, idan kifi ya sha yunwa ko ruwa ya yi sanyi, hanta tana rage fitar da IGF-1, girma ya tsaya. Kun ga yadda tarwada ke ƙin cin abinci da hunturu, ai haka abin yake. Iri mai kyau ba ya maye gurbin abinci da tsaftar ruwa.

Na biyu, ƙarfin yana zuriyar farko ne. Idan ka ɗauki haɗin irin ka mai da shi uwa da uba, ƙwayoyin gadon sai su warwatse: wasu 'ya'yan manya, wasu tsumburarru. Kamar dai kajin burola ne, ba a ajiye su don yin iri. Masana a birnin Wuxi sai da suka yi shekaru suna zaɓe, zuriya bayan zuriya, kafin kaf ɗinsu mai suna Jian ya riƙe halinsa.

A nan gida, haibrid ɗin da muka sani haɗin tarwada ne da ramboshi, kuma wannan ƙa'idar ta hau kansa. A tarwada ma rashin daidaiton girma ya fi ciwo, don manyan cinye ƙananan suke yi.

Don haka ka tambayi mai ƙyanƙyasa: su waye iyayen? Daga ina ya samo su? Zuriyar farko ce? In ya fara kame-kame, riƙe kuɗinka ka ƙara gaba.

Allah Ya sa wa kiwonmu albarka.